Shanu Uku da Shekara Goma Sha Tara

Da kuɗin saniya aka saya min kwamfutar da na fara koyon rubuta manhaja da ita a Gwagwalada. Baba ne ya sayar, ya miƙo min kuɗin cikin leda ba tare da ya dube ni ba. Bai hana ni ba, bai kuma sa albarka da baki ba, kuma wannan shirun nasa ya fi faɗa ci min rai. Garkensa da ya taɓa kai arba'in ya koma uku, don filayen da muke kiwo a da duk an zagaye su da katanga. Abin da nake so kawai shi ne ya ga cewa saniyar nan ba a banza ta tafi ba.

A sati na uku malamarmu ta ba mu aiki: mu rubuta ƴar manhajar da za ta lissafa yadda ajiyar banki ke ƙaruwa idan kuɗin ruwa na hawa kan kuɗin ruwa. Layi takwas ne kacal, amma sai da suka cinye min kwana biyu. Kowace shekara ina lissafa ribar a kan uwar kuɗin farko, amsata kuwa ta ƙi dacewa da ta kowa. Malamar ta leƙa, ta yi dariya, ta ce da Hausarta ta ƴan Abuja, “Kai ba Fulani ba? Ɗan saniya ba ya girma shi ma ya haihu?” Kunya ta kama ni. Na gyara layi ɗaya, komai ya zauna daidai.

Ranar Asabar na hau mota zuwa ruga ina ji da kaina kamar ni na ƙera kwamfutar. Na tarar da Baba a gindin ɗorawa bayan la'asar, na buɗe kwamfutar na fara yi masa bayanin manhajar. Da jin kuɗin ruwa ya kawar da kai, ya ce ashe riba aka tura ni in koyo. Nan take na goge kalmar kuɗi na rubuta shanu, sai ga shi ya gyara zama.

Muka yi ta ciniki a kan yawan ƙaruwar. Ya tuna min cewa karsana sai ta shekara uku ko huɗu take haihuwa, rabin maruƙan maza ne, wasu kuma ba sa ganin damina ta biyu. Muka tsaya a kan goma sha biyar cikin ɗari a shekara. Rabon da mu yi doguwar hira haka tun ina bin sa kiwo, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Sai ya ce in sa ukunsa, in gaya masa yaushe za su koma arba'in. Manhajata ba ta iya amsa wannan kai tsaye ba, shekaru take tambaya. Na sa biyar, ta ce shida. Na sa goma, ta ce goma sha biyu da ɗigo ɗaya, ya yi murmushi ya tambayi ko ɗigon wutsiya ce. Na ci gaba da ƙarawa yana kallon yatsuna, ni kuwa zumuɗi ya hana ni duban fuskarsa. Sai a goma sha tara ta haura arba'in. Na faɗa da ƙarfi, kamar na ci jarrabawa.

Baba ya haura saba'in a lokacin. Ya ƙura wa kwamfutar ido. Can ya ce, “A cikin abin nan akwai wurin da ake sa wanda zai yi kiwon?” Na ce babu. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya je ɗaure maruƙa, ko da yake guda ɗaya ne.

Da ina da wayo da na rage shekarun, ko in ce batir ya ƙare. Wa zai ƙaryata ni? Shi dai ba ya karanta boko. Har yau idan na tuna yadda na ɗaga murya sai in ji na tsani kaina.

Bayan wata ɗaya ya kira ni in raka shi kara, kasuwar shanu. Duka ukun ya kora, har da maraƙin. Na roƙe shi a hanya, na ce lissafin na ƴan koyo ne, ƙila ma akwai kuskure a ciki. Ya ce shi ma ya sake yi da tsakuwa, daidai ne.

A kasuwar wani dillali, tsohon abokinsa, ya riƙe igiyar yana tambayarsa ko lafiya zai rabu da na ƙarshe. Baba ya dafa kafaɗata a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma.

Ya ce, “Ɗana ne ya lissafa min a kwamfuta. Ya iya sosai.”