Na sake kai kaya Kongolam

A shagon kwamfuta na nuna wadda ke walƙiya da fitilu na ce ita nake so. Jikata Hajara ta riƙe baki tana dariya.

Tun da idona ya raunana na ajiye tuƙi. Ita ce ta cusa tsohuwar gingimarina cikin wasan tuƙi na kwamfuta, ta ƙara hanyar Daura zuwa Kongolam, da ramukanta da awakinta. Kaya suka yi wa kwamfutar yawa, da na shiga kasuwar Mai'adua sai motar ta cije, shi ya kai mu shagon.

Na ce, "Amarya, ba ki ga kyanta ba?"

Ta ce, "Tsoho, fitila ce ke jan kaya ko inji?"

Ta zaɓi katin da ke ɗaukar nauyin hoto, da fanka mai ƙarfi.

Yau na isa Kongolam ba gargada. Ina danna hon sai ga matata Hajiya ta fito daga ɗaki da kofin ruwa, kamar yadda take tarbata a da.

Ku kuma, me jikokinku suka dawo muku da shi?