Ranar da Na Kira Sunan Kulu

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. Dawa ta fi mutum tsayi, ba a kai ga yanka ba. Tungarmu gida tara ce, gabas da Masama, a ƙasar Gwandu. Nasara sun shigo ƙasar da 'yan shekaru, amma mu labari kawai muke ji.

Na idar da sallar asuba, na zauna gindin tsamiya cikin maza ina gyaran ƙotar fartanya. Rana na ɓullowa sai ga ɗiyata, tsirara, laya a wuya, tana jan takalmina ƙafa ɗaya. Saura wata uku ta cika shekara biyu. Ba a yaye ta ba. Ita ce ta fari.

Wanda bai san al'adarmu ba, ga ta. Ɗan fari ba ka kiran sunansa. Ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka yi masa wasa. Kunya ce. Ni "ke" nake ce mata, uwarta ma haka. Innata, kakarta, ita kaɗai ke kiranta Kulu a gidan. Yarinya kuwa ba ruwanta da kunya. Ta ratsa maza, ta haye cinyata, ta cafki gemuna hannu biyu tana ja ƙasa. Na kafe ido kan fartanya kamar ba ni ake ja ba.

Taubashina Manu ya ce, "Bello, wance ta zo tatsa. Saki nono mana, kada a ce saniyar gidanku ta ƙafe."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ke, tafi wurin kakarki." Ta ɗora min takalmin a ka, ta tafa, ta sauka abinta.

Abin da maza ba su sani ba, muna da namu zaman a bayan rumbu kafin in fita gona. In tauna mata gyaɗa, ita kuma ta zaro daga bakinta ta cusa a nawa, ta tsare ni da ido sai na haɗiye. In na yi mata kukan jaki, ƙasa take zubewa don dariya. Ranan ma mun yi. Innata ta gan mu, ta kau da kai kamar kaza take nema.

Da hantsi ina gona. Na ji ƙara ɗaya, kamar an karya busasshen reshe. Sai ta biyu. Sai suka haɗe. Tsuntsayen kan dawa suka tashi gaba ɗaya. Na san bindigar maharba. Wannan ba ta jiran ɗuri.

Na ruga gida. Hayaƙi ya riga ni. Wasu kan dawaki, wasu a ƙasa, wasu da tufa iri ɗaya, kuma Hausa suke yi. Daga baya aka ce hatsi da 'yan dako suka nema wurin mai unguwarmu, ya ce babu. Har yau ban san mutanen wa ba ne.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

"Kama wancan!"

"Sa wuta!"

Na hango Manu, igiya a wuyansa, ana jan shi. Na keta danga ta baya. Uwar yarinyar na kwance bakin turmi, taɓarya a gefenta. Na juya ta. Ta riga ta cika. Bayanta ba goyo. Ɗakin innata ya riga ya rufta, ita kuwa ba ta iya gudu.

Na yi kira, "Ke! Ke!" Duk tungar abin da ake kira ke nan, kowa na neman nasa. Na leƙa ɗakinmu. Na leƙa akurki. Jinka ta fara zubo wuta. Na ɓata lokaci, ba zan ɓoye ba. Cikin wutar nan ma bakina ya yi nauyi. Sai na buɗe murya.

"Kulu!"

Na ƙara ɗaga murya.

"Kulu!"

Ta leƙo daga ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsu, toka duk fuskarta. Ba ni ta kalla ba. Bayana take dubawa, tana neman kakarta. Na fizgo ta, na faɗa cikin dawa.

Muka kwanta a kwari tsakanin kunyoyin dawa har azahar. Dawaki sun wuce sau biyu, ina jin ƙarar linzami. Ta haye bayana tana dukana da diddige, jakinta take so ya yi kuka. Bakinta ya fara rawa, na san ihu ke tafe. Na juyo, na wangale baki, na kaɗa kai, na yi mata kukan ba murya. Ta dube ni da tuhuma. Sai ta yarda, ta kwaikwaye ni, ita ma ba murya. Haka muka yi ta yi har ƙarar kofato ta ɓace.

Da la'asar mu bakwai muka haɗu a bakin gona, mata uku tsofaffi. Babu mai shayarwa. Muka nufi yamma, Kalgo, inda kawuna yake. Muka kauce wa babbar hanya. Yunwa ta kama yarinyar. Ta buɗe wuyan taguwata, ta laluba ƙirjina, ta kama, ta tsotsa. Ta ɗago ta mare ni. Ta ce, "Babu!" Tsofaffin suka yi dariya, ɗaya na dariya hawaye na zuba. Na tauna mata ɗanyen wake.

Laraba da walaha gorarmu ta ƙare. Muka iske kududdufi, shanu sun dama shi. Na tace da bakin taguwa na ba ta. Ni na ba ta. Kafin azahar gudawa ta fara. Ta daina dukan jaki. Ta kwantar da kai a wuyana, ina jin zafinta kamar na ɗauki tukunya daga murhu. Ta tambaye ni Inna, kakarta, sau uku. Na ce tana gaba.

Alhamis da hantsi muka iso bakin fadama. Ruwa ya cika ta. Wani masunci ya gan mu, bai tambaye mu komai ba, ya tsallakar da mu a kwalekwalensa. Ta buɗe ido ta ga kifi a gindin jirgin. Ta nuna shi da yatsa. Hannun ya koma.

Muka isa Kalgo, matar kawuna ta dama kunu, ta jiƙa sabara. Abin da ya shiga ya fito. Aka samo mai jego a maƙwabta, ta ba ta nono, ba ta da ƙarfin kamawa. Jumu'a ta wuce haka. Asabar, tsakanin azahar da la'asar, ina riƙe da ƙafarta, ta yi sanyi.

Mu huɗu ne a gidanmu na tunga: ni, innata, matata da Kulu. Biyu ban binne su ba, ban san wanda ya binne ba. Manu bai dawo ba. Ta ukun na binne ta da hannuna, a tudu, yamma da Kalgo. Babu farin ƙyalle a gidan kawuna, sai ya kwance rawaninsa ya yaga biyu. Rabi ya ishe ta.