Malam Bamalli da Bindigar Baban Elisha

Kafin motocin masu aikin Abuja su gama lodi da safe, Malam Bamalli ya riga ya buɗe rumfarsa ta bayan kasuwar Suleja. Zai share ƙofa, ya zuba kananzir a tsohon kwano, ya jera magagari da buroshi a kan benci, sannan ya sha kokonsa a tsanake. Gyaran bindigogin farauta shi ne sana'arsa tun yana saurayi. Maharba da 'yan sintirin unguwanni su ne mutanensa, kuma duk wanda ya zo ba lasisi, ko ya zo yana waige-waige, ko wurin zama ba ya samu. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, ido ya ce ya gaji. Shi ya sa na ga bai kamata mu bar shi ya tattara kayansa shiru ba.

Taurin kai kam yana da shi, ko iyalinsa ba za su musa ba. Ka kawo masa bindiga kana sauri, sai ya cire bututun ya rataye da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kara kunne yana sauraron ƙarar. Maharba har tsokanarsa suke yi, wai likitan ƙarfe. 'Yan sintirin Zuma sun sha yin fushi da shi don ya riƙe musu bindiga ya ce ba ta gyaru ba, su tafi suna ƙunƙuni, gobe kuma su dawo.

Amma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta Elisha, wani manomi daga ƙauyen kusa da Lambata. Mahaifinsa ne shugaban maharban ƙauyen, ya rasu bara da damina. A al'adarsu, ranar taron cikar shekara babban ɗa ne zai ɗauki bindigar gadon gidan ya harba sama a gaban jama'a. In ta yi magana, ɗan ya gaji wurin zaman ubansa. In ta yi shiru, gidan ya fita daga sahun maharba ke nan. Taro ya matso, sai ga Elisha da bindiga naɗe cikin buhu.

Da Malam Bamalli ya kwance buhun sai ya ajiye kofin kokonsa. Mai baki biyu ce a jere, da kunnuwa biyu a waje waɗanda ake ɗanawa da babban yatsa, mabuɗinta kuma a ƙasa yake ba a sama ba. Jikin bututun duk zane ne mai murɗe-murɗe kamar tufkar igiya. Sunan wanda ya ƙera ta ya goge sarai.

"Baba, goge min ita kawai za ka yi," in ji Elisha. "Orijinal ce, ta Turawa. Ga harsashi ma na sayo, na gwada, ya shige tsaf."

"Da shi mahaifinka yake harbi?"

"A'a, shi da kansa yake ɗura nasa a kwanson tagulla. Sun ɓace tun da ya tsufa ya rataye ta. Ai harsashi harsashi ne."

"To ajiye ta. Ba na sakin bindigar da ban san asalinta ba."

Ya jiƙa ƙarfen, ya goge tsatsa a hankali, ya murza alli a ƙarƙashin bututun. Sai ga 'yan haruffa sun fito cikin wata da'ira mai siffar ƙwai. Ya jira 'yarsa Muhsina ta taso daga aiki a Abuja, ta ɗauki hoton tambarin, suka yi ta gwada shi da hotunan da ke waya, yana ta ce mata ta ƙara girman hoton. Bincike ya nuna ƙirar Beljiyam ce, ta haura shekara ɗari, kuma don baƙin albarushi na da aka yi ta. Zanen nan ba ado ba ne. Siraran ƙarafa aka murɗa aka dake suka zama bututu, tsatsa kuwa tana bin tsakaninsu ta ci ta ciki. Ramin harsashinta ma gajere ne: na zamani zai shiga, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa, ga ƙarfinsa ya fi ƙarfinta.

Elisha ya dawo ya saurari bayanin nan duka, ransa ya ɓaci. "Haba Baba! Bindigar da ta kashe ɓauna a hannun kakana ita ce za ta ji tsoron harsashin kanti? In ba za ka yi ba ka ba ni abata, akwai mai walda a Lambata."

Da wani ne, da ya miƙa masa, ya ce Allah ya kiyaye. Kai kuwa, Malam, rumfa ka kulle ka ce masa, "Tada babur ɗinka." Kai ne ka tuna cewa sau ɗaya ka taɓa ganin irinta, kana saurayi, a hannun wani maharbi a Sabon Wuse, ka kuma tuna yadda suka rabu.

Suka tarar da Baba Ahmad, tsohon maharbin, a zaure. Bayan gaisuwa Malam Bamalli ya roƙe shi ya fito da tsohuwar abokiyarsa. Dattijon ya shiga ciki ya dawo da guntun bututu, zanensa iri ɗaya sak da na Elisha, gefensa ya tsage ya buɗe kamar ɓawon rake. Ya riƙe shi da hannun hagu, hannun da babban yatsa da ɗan ƙaramin kawai suka rage.

"Ni ma cewa na yi ya shige tsaf," in ji Baba Ahmad. "Ranar gwanki na hango. Ban ma san ko na same shi ba."

Elisha ya zuba wa hannun dattijon ido. Wallahi abin tausayi, ƙato guda ya zauna a ƙasa yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "To ranar taron fa, Baba? In tsaya gaban dattawa in ce musu me?"

"Wa ya ce maka ba za ta yi magana ba?" in ji Malam Bamalli. "Harsashin nan naka ne ba za ta ci ba."

Ya koma rumfa ya haɗa mata irin abincinta na da: kwanso gajere, baƙin albarushi ɗan kaɗan, ba ƙwayar darma ko ɗaya. Da ya leƙa bututun hagu ya ga tsatsa ta yi ramuka a ciki, sai ya cire kunnen wannan ɓangaren gaba ɗaya. Ya kai ta jeji, ya ɗaure a kututture, ya ja kunamar da doguwar igiya daga bayan suri. Bai bar kowa ya matso ba. Sai da ya gwada ya sake gwadawa, ya duba, ya ƙwanƙwasa, sannan ya ce na dama ya amince da shi, harbi ɗaya tak.

Ranar taron da kansa ya je ƙauyen, da farar rigarsa, ya ɗura ta da hannunsa ya miƙa. Elisha ya ɗaga ta sama, ya ja kunama. Ƙara mai kauri ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe filin. Wani ya ce, "Baki ɗaya kawai?" Babban dattijon maharba ya daka masa tsawa, ya ce ta yi magana, ya isa. Mahaifiyar Elisha kuwa sai ta fashe da kuka tana cewa, "Muryarsa ke nan. Haka nake jin ta daga gona in san ya kusa gida."

Malam Bamalli, maƙi gaggawa, mun gode. Kai ne ka yarda a zage ka a rumfarka da dai a kawo maka labarin asibiti. Allah ya saka da alheri, ya ba idon nan lafiya. Ku kuma masu sana'a, bakanike da mai wayarin da mai kemis, in an kawo muku abin da ba ku sani ba, ku tsaya ku bincika, ko da mai shi zai yi fushi ya kira ku da sunan da ya ga dama. Bindigar nan an mayar da ita bango, ba za ta ƙara tashi ba. Elisha kuwa yana can a wurin zaman mahaifinsa cikin maharba, kuma doyar bana da hannuwansa biyu ya haƙa.