Hannun Rejean Boisvert Ya Huta

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, matarka Colette ta kira ni a waya ta ce, "Armand, abokinka ya tafi." Ciwon huhun da ka daɗe kana fama da shi ya yi ajalinka a asibitin Manchester, nan jihar New Hampshire.

Rejean, ni na kafa shagon waldar nan da hannuna, daga garejin gidana, ba gado ba digiri. Amma kowa ya san walda taka ce ta riƙe shi. Masu zubin ƙarfe kan aiko mana da sassan ƙananan bindigogi na ƙarfen titaniyam masu ɗan rami kamar ƙwayar gero. Kai kaɗai ke iya cike su. Sai ka fara rarake ramin har ka kai ga lafiyayyen ƙarfe, ka kashe fanka, ka kulle ƙofa ko da zafi na kashe mu, don kada iska ta kore gas ɗin da ke kare waldar.

Da likita ya faɗa maka gaskiya, ba ka zauna gida ba. Ka zo ka ce, "Tsoho, in na mutu ba wanda ya iya, shagon nan ya mutu. Cire rigar ogan nan ka zauna."

Haka na koma ɗan koyo da furfurata. Duk abin da na liƙa sai ya fito shuɗi, alamar iska ta ɓata shi. Ka jefa a kwandon shara kana tari kana dariya: "Wannan hannu ne ko ƙafar agwagwa? Mutum zai riƙe abin nan kusa da fuskarsa fa!"

Makon jiya na kai maka guda da na liƙa har gadon asibiti. Ka juya shi a hasken taga, fari tas kamar azurfa. Sannan ka ce, "To, ba laifi. Kada kanka ya kumbura."

Jiya wasu sassan suka iso daga masu zubin ƙarfe. Na karɓa, ban mayar ba, ni zan cike su.

Allah ya ji ƙanka, Rejean, ya yafe maka, ya ba ka hutun da huhunka ya hana ka. Colette, da ke da 'ya'yanku Mathieu da Sylvie, Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Muddin shagon nan na buɗe, gidanku ne.