Zane a Bakin Rami

Takan goge yatsunta a gefen zani kafin ta yi magana, duk sun rine da kurkum. Ban san tsohuwar ba, amma hannun da ya daɗe yana shafa wa dutsen bauta kurkum ba ya ɓuya. Tana tsugune gindin darbejiya, tana zane da garin shinkafa a bakin ramin da dutsen Amman, uwar garin da suke bauta wa, ya bari.

"Kaka, wa kike wa ado?" in ji wani mai shayi da ke gefe.

"Amman. Za ta dawo. Ɗana Veluchami ya dafa kaina ya rantse wanka aka kai ta."

"Wanka? Ai shi ya riƙe wa dillalan birni igiya."

Ta daɗe tana duban garin shinkafar da ke tafinta. Sannan ta miƙe, ta bar wa tururuwa rabin zane.