Teburin Bahaguwa

A layin teloli kowa Bahaguwa yake ce mata, har yaran da aka haifa a gabanta. Tun tana ƙarama aka yi ta buge mata hannun hagu har aka gaji aka ƙyale ta. Da ta kama ɗinki sai ta tarar keken ɗinki ma bai san da zaman irinta ba: gargaren juyawa a dama, durowa a dama, almakashi kuwa sai ya ci mata yatsa kafin ya ci yadi. Haka ta ƙare ƙuruciyarta a karkace, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da wannan karkacewar ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar maigidan, kuma ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba.

Autarta ce ta ƙi keke ƙememe. Ta tafi karatun zanen kayan masana'anta, wai su ne masu tsara kujera da tebur da inji kafin a ƙera. Bahaguwa ba ta hana ba, amma abin ya ci mata rai. In yarinyar ta zo shago ta zauna ta zuba mata ido, gani take raini ne.

Kwatsam sai ga Auta da roƙo. Jarabawar ƙarshe ta zo, kowane ɗalibi zai kawo wanda zai gwada abin da ya zana a gaban malamai. Ba a ƙera komai ba tukuna, wani tabarau ake ɗaura wa mutum, ya ga abin a gabansa kamar gaske. In mai gwaji ya rikice, ɗalibi ya maimaita shekara. Bahaguwa ta ce ita da ko waya sai an danna mata, a rufa mata asiri a nemi wani. Auta ta kafe, ita ko babu.

Ɗakin gwajin fayau yake, kujera ɗaya a tsakiya, malamai a gefe suna kallon allo. Bahaguwa ta zauna, ta tuɓe takalmi kamar yadda ta saba a shago. Aka ɗaura mata tabarau bisa ɗankwali, aka danƙa mata wasu 'yan mariƙan na'ura biyu, ɗaya a kowane hannu.

Ikon Allah, sai ga teburin ɗinki. Gargare a hagu, durowa a hagu, har da ƙusar da take rataye tef ɗin awo. Kafin ta yi tunani hannunta ya kai, ƙafarta ta shiga taka feda a iska. Ta ja yadi, ta kai ƙarshen layi, ta datse zare, ta ajiye almakashi a kan tebur.

To ina tebur? Ashe mariƙin na'urar ne a hannunta ba almakashi ba, ya daki ƙasa, murfinsa ya yi nasa wuri.

Ta fizge tabarau. Shi ke nan, ta kayar da 'yarta da hannunta. Ta shiga ba malamai haƙuri, ta ce laifinta ne, kada a ɗora wa yarinya. Babban malamin ya yi dariya har da share ido. Ya ce tun safe masu gwaji ke ƙanƙame mariƙan nan kamar za a ƙwace musu, ita kaɗai ta manta babu tebur, kuma abin da ake nema ke nan. Ya tambayi Auta inda ta samo awo.

Auta ta dubi uwarta. "Mama, duk zaman da nake yi a shago, kafaɗarki nake kallo."

Bahaguwa ta taɓa kafaɗarta. Sai a lokacin ta lura tun da ta zauna kafaɗunta a daidai suke, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Yanzu duk layin babu wanda bai sha labarin ba, wasu har sun haddace. In aka zolaye ta da ina teburin, sai ta ce yana tafe, 'yarta ce ta zana. Ta share masa wuri a shago ta ɓangaren hagu, ko kwandon zare ba ta yarda a ajiye a wurin.