Akwatin da Auta Ya Yi wa Kunne

Ƙanina mai gyaran rediyo ne, amma ban taɓa kiransa da sana'arsa ba. Auta nake ce masa, har yanzu da furfura ta cinye masa gemu. Ni kuwa waƙa nake yi a wuraren biki da taro. Shekara ashirin da uku, duk inda na tsaya da makirufo, yana zaune a haguna kan kujerar roba da akwati a cinya.

Akwatin shi ya haɗa abinsa. Kayan matattun rediyoyi ya ƙwaƙulo, ya jera su cikin gwangwanin biskit. Aikin akwatin ɗaya ne, ya sa muryata ta riƙa dawowa kamar amsa-kuwwa. A gefensa akwai ɗan abin murɗawa. In ina cikin baiti sai Auta ya rage, kalmomi su fito fes. Da na kai ƙarshe na ja numfashi sai ya saki, muryar ta zagaya zauren ta dawo. Mutane su yi ta cewa Allah ya ba ni murya. Ya ba ni kam, amma rabinta a yatsun Auta take.

Bara abin ya fara lalacewa. Sai ya saki ina tsakiyar magana, kalmomi su hau kan juna, ba mai gane abin da nake faɗa. Ni kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. A mota, muna komawa gida, na wanke shi tas.

"Barci kake yi ne? In ka gaji ka faɗa mini, ba sai ka kunyata ni a gaban jama'a ba."

"Na ji, Yaya," ya ce, yana kallon bakina.

Daga nan ya shige shago, kusan wata biyu. Matarsa ta kawo mini ƙara: abinci yana hucewa a kwano, rediyoyin mutane sun taru kan kanta ba wanda ya taɓa. Na ja ƙafata na je, gwiwoyina suna ƙara a kan matakala. Shagon yana nan yadda na san shi, ƙaurin dalma, fanka mai fiffike biyu, da wayoyi a ƙasa kamar taliya. Ga akwatin a buɗe, an cire masa abin murɗawar.

Ya nuna mini abin da ya sa a gurbinsa: ɗan ƙwan fitila da bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana fuskantar wani ɗan abu mai jin haske, an naɗe su tare da baƙin salatif.

"Muryarki za ta koma ƙarfin wuta," in ji shi. "In kina waƙa, wutar ta hau, fitilar ta kama, amsa-kuwwar ta rufe. In kin yi shiru, wutar ta sauka, ta buɗe da kanta. Abin da hannuna yake yi, wuta za ta yi."

"To kai kuma ka yi me?"

Ya riga ya sunkuya kan mitarsa ta auna wuta. Ya miƙo mini makirufo.

Baiti ɗaya na yi ta maimaitawa har maƙogwarona ya bushe. Da fari akwatin gaggawa gare shi, ko haɗiyar yawu na yi sai ya tsoma baki. Auta ya sauya wani ɗan abu mai kama da ganga, don wutar ta riƙa sauka a hankali. Sai kuma ya yi nauyi, ya sake sauyawa. Duk gwaji ɗaya sai ya ɗago ya ce, "Ya yi?"

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da daga ƙetaren titi yake gane lasifikar da ta fashe, yau ni yake tambaya? Kuma ko sau ɗaya bai juya wajen lasifika ba, idonsa na kan allurar mita. Da ya ba ni baya yana neman waya, na ajiye makirufo na kira shi. Sau uku. Na uku har mai shagon kusa ya leƙo. Auta bai waiwayo ba.

Na dafa shi. Ya dubi fuskata, ya gane na gane.

"Shekara huɗu ke nan kunnena ba ya ji sosai, Yaya. Kafaɗarki nake kallo. In za ki ja numfashi takan ɗaga, sai in saki."

"To me ya faru bara?"

Ya juya ƙarfen dalma a hannu.

"Numfashinki ya gajarta. Yanzu a tsakiyar baiti kike ja."

Na nemi wuri na zauna. Wallahi kunya ta kama ni, ga wata irin gajiya da ban san ina ɗauke da ita ba. Ashe ni ce nake ba shi alamar ƙarya, in dawo in zage shi a mota, shi kuma ya rufa mini asiri ya koma yana koya wa gwangwani jira.

Akwatin yana aiki. Ya san ɗan guntun numfashina na tsakiyar baiti, yakan ƙyale shi ya wuce, sai na kai ƙarshe yake buɗewa. Ba wanda ya lura an sauya komai. Auta ya daina zuwa, ya ce hayaniyar taro tana sa kansa ya yi ta ƙugi har kwana biyu. Yana shago, yana gyara rediyoyi da mita, matarsa tana saurara masa.

Ni nake ɗaukar kujerar robar yanzu, in ɗora akwatin a kai, a haguna. Jiya a wani taro na kama kaina: duk ƙarshen baiti sai in ɗaga kafaɗa sosai, fiye da yadda numfashi yake buƙata, don Auta ya gani.